Katangar Gida ko Ƙofar Ɗaki: Wacce Ta Fi Tsare Kwamfutarka?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata gardama ce da ta kaure a ɗakinmu na kwana a daren wata Asabar, har wajen ƙarfe ɗaya ba wanda ya rintsa. Ɗaya daga cikin abokan kwanana ya dawo hutu da labarin cewa yayansa ya sayi sabuwar rauta, watau akwatin nan mai ƙahoni da ke rarraba intanet a cikin gida, kuma mai shagon ya tabbatar masa akwai katangar tsaro a cikinta. Saboda haka yayan ya bi kwamfutocin gidan ɗaya bayan ɗaya ya kashe katangar da ke cikin kowacce, wai nauyi kawai take ƙara musu. Ɗayan abokin namu kuwa ya ce ai shi bai ga amfanin wata katangar rauta ba sam, tun da Windows ta zo da tata kyauta, ba sisi ba kwabo.

Na saurare su har suka gaji, sa'an nan na kwana ina juya maganar. A ganina kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya ya saki wani. Amma in aka matsa mini lalle sai na zaɓi ɗaya, to, ga ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda kwamfutarsu ba ta kwana inda ta wuni, katangar cikin kwamfuta ita ce ba ta da madadi, kuma yayan abokina ya tafka kuskure babba. Kada wani ya ɗauka wannan zancen 'yan sashen kimiyyar kwamfuta ne kaɗai. Duk wanda kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ke cikin kwamfuta, ko takardun ofishinsu, ko hotunan iyalinsa, maganar ta shafe shi.

Bari mu fara da sanin abin da ake gardama a kai. Turawa na kiran wannan katanga fayawol, sunan da suka aro daga magina, domin asalinsa bango ne da akan gina tsakanin sassan gini don kada gobara ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. A duniyar kwamfuta kuwa, aikinta tantance saƙonnin da ke shiga da fita. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi, kuma a bayan wannan adireshi akwai ƙofofi masu lamba har 65,535. Ta ƙofa mai lamba 443 akan kai ga galibin shafukan intanet, ƙofa mai lamba 445 kuwa ta nan kwamfutocin Windows ke musayar fayil a tsakaninsu. Katangar tsaro ita ke yanke hukuncin wace ƙofa za ta amsa sallama, wacce kuma za ta yi shiru kamar ba kowa a gidan. Tana iya zama a cikin rauta, a bakin hanyar da ta haɗa gida da waje, tana kuma iya zama manhaja a cikin ita kanta kwamfutar.

Aikin rauta ya yi kama da na dattijon da ke zaune a zaure da littafi a hannu. Kamfanin da ke sayar maka da intanet yakan ba gidanka adireshi guda, ita kuma rauta ta raba wa wayoyi da kwamfutocin gida adireshin cikin gida, irin waɗanda galibi kan fara da 192.168. Duk sa'ad da kwamfutarka ta aika neman wani abu a waje, sai rauta ta rubuta a littafinta, in amsa ta dawo ta duba ta ga ai da saninta, ta miƙa maka. Wanda ya zo haka kawai ba a aike shi ba, ba sunansa a littafi, sai ta juya masa baya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dabara ta raba adireshi guda ga na'urori da yawa an fito da ita ne a shekarar 1994 saboda ƙarancin adireshi, domin tsohon tsarin ba ya ɗaukar fiye da kimanin biliyan 4.3, kuma babban rumbunsa ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Tsaron da ta kawo tamkar gyara ce ta mai awo, ko da yake rautocin yanzu sukan zo da katanga ta sosai a kan wannan.

Ba zan tauye wa rauta haƙƙinta ba. Tana tare ɗan ƙwanƙwasa tun bai iso kan kwamfutarka ba. Tana kuma yi wa na'urorin da mai gida ba shi da ikon sa musu katanga rumfa, kamar talabijin mai shiga intanet, da kyamarar tsaro, da injin buga takardu. Haka nan ƙaramar rautar aljihu da muke sa wa layin waya, wadda muke kira MiFi, ita ma irin wannan aiki take yi. Tarihi ma ya ba ta shaida. A watan Agusta na 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya ta ƙofa mai lamba 135, kuma a ƙarshen Afrilu na 2004 wata mai suna Sasser ta biyo baya ta ƙofa 445, wadda wani saurayi Bajamushe, Sven Jaschan, ya rubuta yana ɗan makaranta. Waɗannan tsutsotsi ba su jiran ka buɗe wasiƙa ko ka danna wani abu. Muddin kwamfutarka na fuskantar intanet kai tsaye, ba faci, ba katanga, to, sun shiga ke nan. Waɗanda ke bayan rauta a gidajensu galibi sun tsira daga wannan farmaki na waje.

To, amma dubi darasin da kamfanin Microsoft ya ɗauka daga wannan annoba. Windows XP, wadda ta fito a watan Oktoba na 2001, tana da katanga a cikinta tun farko, sai dai a kashe take zuwa, kuma 'yan kaɗan ne suka san da zamanta. Bayan ɓarnar Blaster da Sasser, a watan Agusta na 2004, kamfanin ya fito da babban gyaran da ya kira Service Pack 2, ya sa wa katangar suna Windows Firewall, ya mai da ita a kunne tun daga ranar farko. Tun daga nan kowace sabuwar Windows a haka take zuwa. Watau waɗanda suka ƙera abin da kansu sun gane cewa ba za a jingina tsaron kwamfuta ga akwatin da ke bakin ƙofa kaɗai ba. Dalilai uku ne, a fahimtata, suka sa haka, kuma dukansu sun fi cizon irinmu.

Na farko, dattijon zaure baƙin waje yake tarewa. Wanda ya riga ya shiga tsakar gida ba ruwansa da shi. Duk na'urorin da ke kan Wi-Fi guda suna iya magana da juna kai tsaye, kuma a yawancin rautocin gida katangar ba ta shiga tsakaninsu. Ni ganau ne a kan wannan. Wata rana a shekarata ta biyu na hau wani Wi-Fi da mu da yawa muka yi karo-karo muke biya, na buɗe wurin da Windows ke nuna na'urorin da ke kusa, sai ga sunayen kwamfutocin mutane sun jeru. A cikinsu akwai wadda mai ita ya bar jakar takardunsa a buɗe, ga sunayen fayil nan ɓaro-ɓaro, har da na takardar shaidar haihuwa da sakamakon jarrabawa. Na rufe, na nemi mai ita na faɗa masa, ya riƙe baki. Rauta na nan tana aikinta lafiya lau a ranar, ba ta ga komai ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ba sai ɗan garin ya yi niyya ba: ya isa a ce wayarsa ko kwamfutarsa ta kwaso cuta a wani wuri ya shigo da ita.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da abin da ya faru ranar 12 ga Mayu, 2017. A ranar wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta ɓarke, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansar dala 300. Hukumar 'yan sandan Turai ta ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita kimanin sau 19,000. Yadda take yaɗuwa shi ne abin lura: da zarar ta sami kwamfuta guda a cikin ma'aikata, sai ta riƙa tsallakawa zuwa maƙwabtanta ta ƙofa 445, ba tare da ta sake bi ta bakin zaure ba. Kwamfutar da tata katangar ta rufe wannan ƙofa, ko wadda aka yi wa facin da Microsoft ya fitar tun watan Maris na shekarar, ita ce ta tsaya da ƙafafunta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma bayan ya shiga, ƙyauren ɗaki kaɗai ya rage maka.

Na biyu, rauta ba ta tafiya. Tana nan manne a bangon falo, alhali kwamfutarka da safe tana aji, da rana tana ɗakin karatu, da yamma tana shagon buga takardu, da dare kuma tana shan intanet daga wayar wani aboki. Yayanmu ma'aikaci shi ma haka: daga gida zuwa sakatariya, daga nan zuwa otal ɗin da ake taron bita, inda mutum ɗari ke kan Wi-Fi guda da kalmar sirri rubuce a jikin allo. A duk waɗannan wurare rautar da ya sayi da tsada ba ta san halin da yake ciki ba. Kuma abin da ke cikin kwamfutar tasa sau da yawa ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, ko sakamakon 'yan makaranta, ko bayanan marasa lafiya. Tun shekarar 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa masu riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Ko da ba doka ma, amana ce. Katangar da ke cikin kwamfuta ita ce kaɗai ke shiga jaka tare da ita.

Na uku, shi mai gadin ma akan sace shi. Rauta ƙaramar kwamfuta ce mai tata manhajar, kuma ita ce na'urar da aka fi mantawa da ita a gida: a kafa ta, a share shekara biyar ba wanda ya leƙa cikinta, kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta tana nan yadda take. A shekarar 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda masana'antu ke sa wa kyamarori da rautoci, ta tara dubban ɗaruruwa a ƙarƙashinta. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da irin wannan runduna aka afka wa kamfanin Dyn a Amurka, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa. A watan Nuwamba wani reshenta ya durƙusar da rautoci kimanin 900,000 na masu hulɗa da kamfanin Deutsche Telekom a Jamus. Samari uku 'yan Amurka ne suka amsa laifin rubuta Mirai a 2017. A 2018 kuma masu bincike na kamfanin Cisco suka bankaɗo wata mai suna VPNFilter a cikin na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su sake kunnawa. To, ranar da aka ci zaure, me ya rage wa wanda ya ciccire ƙyauren ɗakunansa?

Akwai wasu ƙananan ramuka kuma. Rautoci da yawa na zuwa da wani tsari mai suna UPnP a kunne, wanda ke ba kowace manhaja a cikin gida damar cewa a buɗe mata ƙofa zuwa waje, rauta kuwa ta buɗe ba tambaya. An yi shi ne don sauƙaƙa wa masu wasanni da makamantansu, amma muguwar manhaja ma ta san hanyar. Sa'an nan sabon tsarin adireshi, IPv6, yana da yalwar da kowace na'ura za ta sami nata adireshin na waje, don haka waccan gyara ta mai awo ba ta nan, sai abin da katangar rautar ta tare da gangan. Bugu da ƙari, rauta adireshi da lambar ƙofa kawai take gani. Katangar cikin kwamfuta kuwa ta san sunan manhajar da ke son sauraron ƙofa, tana iya ƙyale wannan ta hana waccan.

Na san masu goyon bayan rauta ba za su rasa amsa ba, kuma amsarsu na da nauyi. Za su ce katangar cikin kwamfuta tana kwana ɗaki ɗaya da ɓarawo: in muguwar manhaja ta sami ikon mai gida a kan Windows, tana iya kashe katangar ko ta rubuta wa kanta izini. Gaskiya ne. Za su ce kuma katangar Windows, yadda take zuwa, saƙo mai shigowa take tarewa, mai fita kuwa tana ƙyale shi sai in kai ka kafa doka. Wannan ma gaskiya ne, ko da yake rautar gida ita ma haka take ƙyale mai fita. Za su ƙara da cewa in ta yi tambaya, yawancinmu amincewa muke dannawa ba mu karanta ba. Ban musa ba, amma wannan laifinmu ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zancen nauyi. Katangar da ke cikin Windows sashe ce ta ita Windows ɗin, kuma aikin da take yi bai taka kara ya karya ba a kan kowace kwamfutar zamanin nan. In kwamfutarka na jan ƙafa, nemi dalilin a wani wuri.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da katangun biyu ba su iyawa, don kada wani ya karanta wannan ya saki jiki. Wani abokin karatuna ya kai kwamfutarsa wurin wani mai gyara a sa masa manhajar lissafin ƙididdiga ta sata, domin ta gaskiyar ta fi ƙarfin aljihunsa. Mai gyaran ya kashe katanga, ya kashe manhajar riga-kafi, ya ce in ba haka ba abin ba zai hau ba, bai kuwa mayar da su ba. Bayan 'yan kwanaki abokina ya tashi ya tarar babi uku na kundinsa sun ƙi buɗuwa, ga wata takarda da Turanci ana neman kuɗin fansa. Ba shi da kwafi ko'ina. Na ga namiji yana hawaye a ranar. A gidansu akwai rauta, amma ba ta da laifi, domin shi ya kamo hannun baƙon ya shigo da shi. Haka abin yake ga filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu, da saƙon ƙarya da ke cewa an rufe asusunka na banki ka danna nan. Ba katangar da ke tare wanda mai gida ya gayyato. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba ta cin ko kwabo. Ka buɗe wurin tsaro na Windows ka tabbata katangar na kunne, in kuma mai gyara ya taɓa kwamfutarka, ka sake dubawa kafin ka bar shagon. Duk Wi-Fi da ba na gidanku ba, ka sa shi a matsayin na jama'a, wanda Windows ke rubutawa Public, domin a nan ne take ɓoye kwamfutarka daga maƙwabta. Masu Ubuntu su sani tasu katangar a kashe take zuwa, sai sun kunna. In kuna da rauta a gida, ka shiga cikinta ka canja kalmar sirrin shugabancinta, wadda dabam take da ta Wi-Fi, ka sabunta manhajarta, ka kashe UPnP da damar sarrafa ta daga waje in ba ku bukata. In tana da sashen baƙi, ka sa baƙi a can. Kundinka kuwa ka ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya a abin da ba ya manne da kwamfutar.

Kada kuma a manta da faci. Yawancinmu kwamfutar gwanjo muke saye, kuma da yawa suna ɗauke da Windows da aka daina yi wa gyara. Microsoft ya janye hannu daga Windows XP a watan Afrilu na 2014, daga Windows 7 a watan Janairu na 2020, kuma tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ramin da aka gano a irin waɗannan bayan an janye hannu yakan zauna a buɗe. Mai irin wannan kwamfuta ya fi kowa bukatar katangarsa a kunne, kafin ya sami halin komawa kan abin da ake kula da shi.

Kakanninmu da suka kewaye Kano da ganuwa, suka yi mata ƙofofi irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa, suka naɗa sarakunan ƙofa masu rufewa da dare, ba su taɓa cewa tun da ga ganuwa sai kowa ya kwana ɗaki a buɗe ba. Kuma fatake da suka fita da kaya zuwa Gwanja sun san ganuwa ba za ta bi su ba, don haka suka tafi da nasu shirin. Mu ma fataken ne, kwamfutarmu a jaka. Na roƙi abokin kwanana, in ya koma gida hutu mai zuwa, ya gai da yayansa, ya yaba masa sabuwar rauta, sa'an nan cikin ladabi ya karɓi kwamfutocin nan ya mayar musu da katangarsu. Kai ma mai karatu, kafin ka juya wannan shafi, ka buɗe taka ka duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.